An ce in mayar da taron bita cikin waya: ta ina zan fara?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar duk wanda ya taɓa shirya horo ta waya ko ta intanet. A wurin aikinmu muna horar da ma'aikatan lafiya na karkara, masu bi gida-gida da masu zama a asibitin sha-ka-tafi. A da tara su muke yi a babban gari a yi musu bita. Bana kuɗin mota da masauki sun fi ƙarfin kasafinmu, sai aka ce in mayar da darussan cikin waya. Abin da ke hannuna tulin shafukan PowerPoint ne da Turanci, sai littafin jagora mai kauri. Shugabana yana ganin in karanta shafukan, in naɗi muryata a kai, a tura musu, shi ke nan. Ni kuwa raina bai kwanta ba. Yawancinsu mata ne masu iyali, wasu sun haura arba'in, wasu ma waya ɗaya suke amfani da ita su da maigida. Darussan sun shafi gane tamowa, ƙirga numfashin yaro mai tari, da rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina.

Injiniya:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Abu na farko, don Allah kada ki karanta shafi mai cike da rubutu kina naɗar murya a kai. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya shafe shekaru yana gwada irin wannan, kuma abin da ya yi ta gani shi ne idan aka haɗa wa mutum hoto da murya da dogon rubutu mai maimaita muryar, idonsa yana bin rubutun, kunnensa yana bin muryar, hoton kuma ya wuce shi. Hoto da murya sun fi. Haka kiɗa a bayan magana da 'yan ƙyale-ƙyale masu tsalle a allo, rage fahimta suke yi. Na biyu, tsawo. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun duba kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a dandalin karatu ta intanet na edX, suka ga komai tsawon bidiyo, yawanci mutum ba ya wuce kamar minti shida yana kallo. Ki yanka darasin gunduwa-gunduwa.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana Injiniya, maganarka na kan hanya, amma ka fara daga rufin ɗaki ba a haƙa tushe ba. 'Yata, ajiye shafukan nan tukuna. Ki je wurin matan nan ki zauna a gefe ki ga yadda suke aiki. A ina hannunsu ke kuskure? A ina suke tsayawa su kira wani a waya su tambaya? Wannan shi ne darasinki. Duk shafin da ba ya gyara wani abu da suke yi da hannu ko suke faɗa wa uwar yaro da baki, ki cire shi, ko da wani babba ne ya rubuta.

Na koyar da ajin manya shekaru masu yawa. Tun zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, har zuwa lokacin da Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 zamanin Abubakar Rimi, darasi guda ne ake ta maimaita wa malamai: babba ba ya zuwa aji don an ce ya zo, yana zuwa ne don yana da matsalar da yake so ya warware. Ɗan kasuwa ya zo don ya iya rubuta bashi, manomi ya zo don kada a cuce shi a sikeli. Ranar da ka fara koya masa abin da bai ga inda zai kai shi ba, gobe ba za ka gan shi ba, kuma ba zai yi maka bayani ba don yana jin nauyinka. Wani Ba'amurke, Malcolm Knowles, ya fara tsara wannan a rubuce wajen 1970: babba yana so ya san dalili kafin ya koya, yana zuwa da gogewarsa, kuma ya fi son a fara da matsala kafin a zo ga babi. Mu a aji muka gan shi da idonmu.

Uwar Biyu:
Allah ya ƙara girma Baba. To amma littafin jagoran an ce dole a kammala shi duka, domin da shi ake ba su takardar shaida.

Baba Mai Ritaya:
Littafin ya zauna a matsayin madogara, wanda ya so ya duba. Ba a cusa wa mutum littafi gaba ɗaya a ce an horar da shi.

Anti Nas:
Ƙanwata, bari in taimaka miki da rabon kayan, domin wannan fagenmu ne. Duk abin da ke cikin littafin nan kashi uku ne, kuma kowanne da wurin zamansa.

Akwai abin da dole ya zauna a ka, domin ba lokacin buɗe takarda. Alamomin haɗari ke nan: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Wannan a maimaita shi har sai ma'aikaciya ta iya faɗa cikin barci, ta kuma san cewa ganin ɗaya daga ciki yana nufin a tura babban asibiti nan take.

Akwai abin da bai kamata a wahalar da kowa da haddarsa ba, wato lambobi. Alamar numfashi ya yi sauri: numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa wata 11, numfashi 40 ko fiye ga ɗan shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyar. Awon magani bisa shekaru. Waɗannan a buga su a kati mai leda, ya shiga aljihun riga ko jaka, ko a manna a bango daidai inda ake zama a duba yaro. Wadda ta haddace yau, bayan wata uku za ta juya 40 da 50, kuma ba laifinta ba ne.

Sai na uku, abin da ke zama a hannu. Ɗaura igiyar awon damtse ta gane tamowa ba tare da an matse ko an saki ba, gano tsakiyar damtsen, danna ƙafa a duba kumburi, zuba wa cikin yaro ido minti guda cif alhali yana motsi uwarsa tana magana. Wannan waya ba ta koyar da shi. Waya za ta nuna, amma sai an yi a gaban wadda ta iya ta ce a'a, sassauta, sake.

Injiniya:
Anti wannan rabon ya fi duk abin da na faɗa amfani. Ke nan darasin waya kashi na farko zai fi ɗauka, sai koyar da yadda ake amfani da katin.

Anti Nas:
Haka ne. Kuma a kan kashi na uku akwai hujja daga Tanzaniya. Akwai shirin koyar da farfaɗo da jaririn da aka haifa bai yi numfashi ba, ana yinsa da 'yar tsanar jariri da jakar hura iska. A asibitin Haydom an yi wa ma'aikata kwas na yini ɗaya. Da aka gwada su a kan 'yar tsanar sun ƙware, amma da aka lura da su a ɗakin haihuwa, aikinsu bai canza ba. Sai aka ajiye 'yar tsanar a ɗakin haihuwar, aka riƙa yin gajeren atisaye na 'yan mintuna a kai a kai. A lokacin ne mutuwar jarirai a yinin farko ta ragu. Darasi iri ɗaya, mutane iri ɗaya, abin da ya canza shi ne maimaici a wurin aiki. Shi ya sa ni ba na kukan rashin bitar otal kamar yadda wasu ke yi. Abin da nake tsoro shi ne a maye ta da bidiyo kawai a ce an gama.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ina bin maganar daga nan Nijar. Ina so in ƙarfafa batun igiyar awo. A gundumar Mirriya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin agajin lafiya ALIMA da BEFEN sun gwada ba wa uwaye igiyar da kansu, aka koya musu a ɗan gajeren zama, mafi yawansu ba su yi makarantar boko ba. Da aka kwatanta da yankin da ma'aikatan sa-kai ke yin awon, uwayen ba su gaza ba, kuma yaran da suka kawo sun fi zuwa da wuri, kafin ciwon ya kai ga kwanciya. An buga sakamakon a 2016, yanzu ƙasashe da yawa sun ɗauka.

Abin lura shi ne wanda ya tsara igiyar ya riga ya zuba ilimin a jikinta. Ja ƙasa da santimita 11.5, rawaya daga nan zuwa 12.5, kore sama da haka. Uwa ba ta bukatar sanin lambar. Ta ga ja, ta san gobe da sassafe sai likita. In kayan aiki ya yi kyau haka, horo yana gajarcewa da kansa. Don haka Hajiya, kafin ki kashe kuɗi kan bidiyo, ki kashe tunani kan katin. Launi, hoto, kibiya mai nuna abin da za a yi bayan wannan. Jimla ɗaya, umarni ɗaya. Kuma ki ba wata daga cikinsu katin ba tare da kin yi mata bayani ba, ki ga ko za ta iya bi. Inda ta tsaya, katin ne ke da gyara.

Maman Ummi:
Ni ma'aikaciyar gida-gida ce, irin waɗanda ake magana a kansu. Ku yi haƙuri in faɗi wani abu. Katin nan ana ba mu, amma da yawanmu ba ma fito da shi a gaban uwar yaro. Kina buɗe takarda za ki ji ana cewa wannan ba ta san aikinta ba, sai ta duba. Gobe in kika dawo gidan ba za a kawo miki yaron ba. To sai mutum ya gwammace ya yi da ka.

Baba Mai Ritaya:
Madalla da ke 'yata. Wannan ita ce maganar da ba za a taɓa samu a ofis ba. Uwar Biyu, kin ji dalilin da na ce ki je ki zauna da su.

Injiniya:
Yaya Maman Ummi, ina ganin wannan ma darasi ne da ya kamata ya shiga horon, a ba ku abin faɗa. A 1935 wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi wajen gwaji a jihar Ohayo ta Amurka. Matuƙin gogagge ne, amma ya manta bai kwance makullin da ke riƙe fikafikan sarrafa jirgin ba. Daga nan matuƙa suka fito da jerin abubuwan da ake dubawa ɗaya bayan ɗaya kafin a tashi, kuma har yau duk jirgin da ya ɗauki alhazai sai an karanta irin wannan jerin da baki. Likitocin fiɗa ma haka. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jeri mai abubuwa 19, aka gwada a asibitoci takwas, ɗaya a Ifakara ta Tanzaniya, mace-mace bayan fiɗa suka sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.8. Manyan gwanaye ne ke duba takarda.

Maman Ummi:
Na ji, kuma na gode. Amma tsohuwar da ke tsakar gida ba ta san matuƙin jirgi ba.

Anti Nas:
Gaskiyarki. Abin da na ga yana aiki shi ne ki juya katin ya fuskanci uwar. Ki ce, Inna zo mu duba tare, ɗanki watansa nawa? To ga layinsa nan, ga hoton maganinsa. Sai katin ya zama nata ne ake nuna mata, ba ke ce kike leƙe ba. Shi ya sa nake son kati mai fuska biyu, hoto ta gefen uwa, rubutu ta gefen ma'aikaciya. Uwar Biyu, ki sa wannan a bidiyon farko: ma'aikaciya babba, mai mutunci, ta shiga gida ta yi sallama ta fito da katinta ba ɓoye-ɓoye.

Sannan Injiniya, ka ƙara da cewa a lardin Ontariyo na Kanada an tilasta wa asibitoci jerin fiɗar nan, binciken da aka buga a 2014 bai ga wani sauyi na a zo a gani ba. In an mayar da takarda abin cikewa don oga ya gani, ta mutu.

Ɗan Banki:
Wannan kalma ta ƙarshe ta taɓa ni. A wurin aikina duk shekara akwai kwasa-kwasan intanet na dole. Gaskiyar abin da ke faruwa, mutum ya kunna bidiyo ya kashe sauti ya ci gaba da aikinsa, in ya ƙare ya danna na gaba. Amsoshin jarrabawa kuwa kafin azahar sun zagaya a WhatsApp. Rahoto ya hau sama cewa kowa ya kammala. Ba wanda ya taɓa zuwa ya duba ko wani abu ya canza a kan kanta. Abin yana damuna domin wasu darussan, irin na gane damfara, muna bukatarsu da gaske, amma yadda aka shirya su ya sa kowa ya raina su. Hajiya kada ki bari ma'aunin nasararki ya zama yawan waɗanda suka kammala.

Uwar Biyu:
To da me zan auna? Domin abin da za a tambaye ni ke nan, mutum nawa suka gama.

Injiniya:
Akwai tsohon ma'auni na Donald Kirkpatrick tun 1959, mataki huɗu: sun ji daɗin horon, sun koya, aikinsu ya canza, sakamako ya fito. Yawancinmu a na farko da na biyu muke tsayawa don su ne masu sauƙi. Ke kina da sa'a, na uku yana cikin rajistarku. Ki duba kafin horo da bayansa: yara nawa aka rubuta adadin numfashinsu, nawa aka tura asibiti, nawa aka ba maganin da bai dace da shekarunsu ba. In mai sa ido ya je zagaye, ya tsaya ya kalli awo biyu ko uku da idonsa. Ki ba shugabanki lambar da ya tambaya, ki haɗa masa da wannan.

Batun satar amsa kuma, ki daina kallon tambaya a matsayin jarrabawa. A 2006 Roediger da Karpicke sun gwada ɗalibai, wasu suka yi ta sake karanta rubutu, wasu aka sa su rufe su tuno abin da suka karanta. Bayan minti biyar masu sake karatu sun fi, bayan mako guda masu tunowa sun wuce su. Ƙoƙarin tunowar shi ke kafa abu a ka. Kuma tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a farko-farko, daga baya ta lafa. Don haka maimakon jarrabawa guda a ƙarshe, ki riƙa tura tambaya ɗaya duk bayan 'yan kwanaki, ba maki, ba hukunci. Misali: kin shiga gida rabon maganin damina, kin tarar da ɗan wata takwas jikinsa da zafi, me za ki yi? Kowa ta amsa, da yamma ki turo bayani. In ba maki, ba abin sata.

Kwamared:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Duk abin da kuka faɗa ilimi ne, amma akwai tambayar da ba wanda ya yi. Wa zai biya? A da in an kira ma'aikaciya bita, ana ba ta kuɗin mota, ana ba ta abinci, ana ba ta alawus, kuma a lokacin aiki ake yi. Yanzu an ce ta yi a waya. Data daga aljihunta. Caji ta kai shago ta biya. Lokaci kuma bayan isha'i, in ta gama tuwo ta kwantar da yara, in maigida ya bar mata wayar. Ofis ya rage kashe kuɗi, an ɗora nauyin a kan wadda ta fi kowa ƙaramin albashi, wasu ma 'yan sa-kai ne. Ku kira shi ci gaba in kun so, ni ban gamsu ba.

Ɗan Banki:
Kwamared, amma ka san alawus ɗin nan shi ya lalata bita. Mutane na zuwa don ambulan, wani ma a tura shi bitar da ba ta shafi aikinsa ba don shi ne na kusa da oga, wadda ke aikin tana can ƙauye.

Kwamared:
Na sani, kuma ban kare wannan ba. Amma maganin rabon da ba adalci ba shi ne a gyara rabon, ba a hana kowa ba. Matar da ke tafiya a ƙasa cikin damina gida-gida ba ita ce ta ɓata tsarin ba.

Maman Ummi:
Allah ya saka da alheri Kwamared. Kuma ba kuɗin kaɗai ba ne. A wurin bita ne muke haɗuwa da 'yan uwanmu na wasu ƙauyuka, ki ji yadda wata ta shawo kan maigidan da ya hana a ba 'ya'yansa magani. Wannan ba ya cikin littafi.

Baba Mai Ritaya:
Ina bayan Kwamared a nan. Ku tuna Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976. Karatu daga nesa take yi, malami yana ƙauyensa yana koyarwa yana karanta littattafan da aka ba shi. Amma ba ta taɓa cewa littafi ya isa ba, akwai cibiyoyin da ake haɗuwa a ƙarshen mako da lokacin hutu. Waɗanda suka tsara wannan sun san mutum shi kaɗai a ɗaki yana sarewa. Abin da aka rage na otal, a ɗebi wani abu a ciki a sayi data, a kuma biya kuɗin mota zuwa asibitin mazaɓa sau ɗaya a wata, su haɗu su biyar ko shida su gwada awo a gaban babbarsu.

Sai dai in faɗi alheri guda na waya wanda zaure ba shi da shi. Babba yana jin kunyar ya ce bai gane ba a gaban 'ya'yan cikinsa. Na sha ganin dattijo ya gyaɗa kai alhali bai fahimta ba, don kada yara su yi masa kallon wani iri. A waya zai mayar da saƙo baya ya sake ji har ya gamsu, ba wanda ya sani. Saboda haka 'yata, ki bar ƙofar da mutum zai turo miki tambaya ke kaɗai, ba sai a cikin taro ba. Kuma in wata ta ba da amsar da ba daidai ba a zauren, kada ki kira sunanta wajen gyara.

Uwar Biyu:
Kwamared ban da ta cewa, maganarka gaskiya ce, kuma zan kai ta sama a rubuce. Injiniya, ta fannin na'ura yaya zan rage musu nauyin data? An ba ni shawarar Moodle, manhajar nan ta shirya darussa a intanet.

Injiniya:
Moodle yana da kyau inda ake da kwamfuta da intanet tsayayye, kuma kyauta ne. Amma ga mutanenki, sunan shiga da kalmar sirri kaɗai za su zubar miki da rabi. Ki tsaya inda suka riga suka saba, WhatsApp. Saƙon murya ya fi komai arha, hoto na biye. Bidiyo sai inda dole a ga motsin hannu, kuma a matse shi ya yi ƙanƙanta. Ki zuba duka a katin memori a raba, ko a tura wa mutum ɗaya a kowace mazaɓa ya watsa wa saura ta Xender ko Bluetooth, kamar dai yadda masu tura fina-finai a kasuwa ke yi. Ba data ko ta sisi. Ki gwada komai a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, a tsakar rana a waje, domin a nan za a kalla. Zoom kuwa ki manta da shi, sabis ɗin karkara ba zai riƙe ba, kuma yana tilasta kowa ta zauna a lokaci guda.

Malamin Gona:
In ƙara ɗaya daga ɓangarenmu. Ƙungiyar Digital Green da ta faro a Indiya ta gina aikinta kan abu guda: manomin yankin ne ke fitowa a bidiyon, da harshensa, a gonarsa, sannan a kalla a taro ana tsayarwa ana tattaunawa. Ni ma na ga haka wajen koyar da buhun PICS na adana wake. In na yi bayani da kaina sai a ce ai shi ma'aikaci ne. In suka ga wani manomi irinsu yana matse iska yana ɗaure leda ta ciki, ya ɗaure ta biyu, ya ɗaure buhun waje, tambayoyi sai su ɓarke. Gani ya kori ji. Hajiya ki ɗauki Maman Ummi ko irinta a bidiyon, kada ki ɗauko likita da farar riga a ofis mai sanyi.

Maman Ummi:
In dai maigida ya amince, ni ba zan ƙi ba. Amma a nemi izinin uwar yaron da za a ɗauka, kuma kada a nuna fuskar yaro mai tamowa, mutane na jin ciwon haka.

Uwar Biyu:
In sha Allah za a kiyaye. Saura harshe. Ina so in yi duka da Hausa, amma wani abokin aiki ya ce ai sun yi makarantar kiwon lafiya da Turanci, za su ga kamar an raina su.

Anti Nas:
Bayani da Hausa, domin da Hausa za su yi wa uwa magana, kuma jimlar da suka ji a darasi ita za su maimaita a tsakar gida. Amma rajista da kwalin magani da takardar tura mara lafiya duk da Turanci suke, saboda haka duk inda aka ambaci sunan magani ko gurbin da za a cike, a nuna hoton ainihin kwalin da ainihin layin rajistar. Kuma Hausar ta zama ta asibiti da tsakar gida, ba fassarar ofis ba. Ki rubuta, ki karanta wa biyu daga cikinsu, duk inda suka ce mu ba haka muke cewa ba, ki bi nasu.

Ɗan Damagaram:
Mu ma haka muke fama da Faransanci a nan. Ƙari ɗaya kan maganin damina: lokaci. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, wata-wata ake rabawa a watannin ruwa, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. Ranar farko ma'aikaci ke ba da ƙwayar SP (sulfadoksin da pirimetamin a haɗe) da amodiyakwin a gabansa, rana ta biyu da ta uku uwa ke ba da amodiyakwin a gida. Kwana biyun nan na gida su ne inda abin ke zubewa. Don haka darasin da aka yi tun bazara ba zai kai ƙarshen damina ba. Ki ajiye saƙon murya guda gajere da zai fita daren kowane zagaye: wane yaro ba a ba shi, me za a yi in ya yi amai cikin minti 30, da kalmomin da za a faɗa wa uwa kan sauran ƙwayoyin biyu.

Kwamared:
Kuma daren zagayen ma, a tabbata an tura musu datar kafin saƙon ya iso, ba a ce su saya za a biya daga baya ba.

Uwar Biyu:
Na rubuta. Gobe zan nemi izinin bin ma'aikatan mazaɓa ɗaya zagaye kafin in taɓa PowerPoint ɗin. Wanda ke da samfurin kati mai fuska biyu na maganin damina don Allah ya turo min in gani.

Ɗan Damagaram:
Ina da namu, zan ɗauki hotonsa in turo miki da safe. Ki ɗauki tsarin hotunan kawai, awon maganin da yawan zagaye ki bi na ma'aikatar lafiyarku.